Ɗakin kwana a bayan a-kori-kura: katako ko alminiyam, soso ko ulu, dizal ko gas?

Kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya, buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. A yawancin motoci akwai 'yar takarda ko faranti a manne, ɗauke da iyakar nauyin da kamfani ya yarda motar ta kai, ita da mutanenta da kayanta. Wannan lambar ce za ta yanke maka rabin shawarwarin da ke gabanka, ko ka so ko ka ƙi. A-kori-kura irin su Toyota Hilux da Ford Ranger da Isuzu D-Max suna ɗaukar wajen tan ɗaya, wasu samfuran ƙasa da haka. Tan ɗaya sai ka ji kamar abin kirki ne, har sai ka ɗauki biro. Mutum biyu, kilo 150. Ruwa lita 60, kilo 60 cif. Batir da firji da tukunyar gas da tufafi da kayan gyaran mota da guzuri, a ce wani kilo 150. Ka bar rarar kilo ɗari da wani abu, don motar da aka yi wa lodi har wuya birkinta ba ya kamawa yadda ya kamata. Abin da ya rage wa ɗakin kansa, ba komai a ciki, bai wuce kilo 450 zuwa 500 ba. A cikin wannan kason za a yi ƙashi da bango da rufi da gado da durowoyi da hita.

Shi ya sa ba na raba zancen gida uku, in ce ga ajiya, ga makarin sanyi, ga ɗumama. Sarƙe suke da juna. Abin da ka yi ƙashin ɗakin da shi ne zai nuna yadda sanyi zai shigo, yadda sanyi ke shigowa ne zai nuna girman hitar da za ka saka, kuma kowane ɗayansu yana ci daga kilo 500 ɗin nan.

A fara da ƙashi. Ƙarfe ba zan daɗe a kansa ba. Yana da ƙarfi, kowane mai walda ya iya shi, amma mita ɗaya murabba'i mai kauri ɗaya da na alminiyam ya ninka shi nauyi kusan sau uku, ga tsatsa. Ga babbar mota ya yi, ga a-kori-kura ya yi yawa.

Takara ta gaskiya tsakanin alminiyam da katako take, sai kuma na uku da ke shigowa ta gefe, wato bangon soso wanda ba shi da ƙashi kwata-kwata. Alminiyam ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kuma idan aka gama haɗa shi yana da kyan gani har mutum ya ji ba ya son rufe shi. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, zafin walda yana raunana shi a daidai wurin da aka haɗa, kuma a nan ne yake tsagewa bayan shekaru na girgizar hanya. Gyaran kuwa sai an samu mai waldar alminiyam, ba kowane gareji ba. Ta biyun ta fi muni ga mai kwana a wurin sanyi: alminiyam yana wuce da zafi fiye da katako sama da sau dubu. Ba kuskuren rubutu ba ne, sau dubu. Kowace sandar alminiyam da ta taɓa fatar waje ta kuma taɓa bangon ciki ta zama gada, ɗumin ɗaki ya bi ta ya fita.

Na ga wannan da idona a ɗakin farko da na yi. Wata asuba mai sanyi na farka na haska tocila sama, sai ga zanen ƙashin ɗakin gaba ɗaya a jikin silin, layi-layi na raɓa, kamar an ɗora ma'auni an ja. Kan kowane sukuru akwai ɗigon ruwa a rataye yana jiran lokacinsa. Tsakanin layukan, inda soso yake, a bushe ƙarau. Ɗaya daga cikin ɗigon ne ma ya tashe ni, a kunne. Maganinsa shi ne a shimfiɗa soso mai kaurin santimita ɗaya ko biyu a kan ƙashin baki ɗaya kafin a sa bangon ciki, kada a bar ƙarfe ya taɓa bango. Amma ka ga an ƙara aiki, an kuma rage faɗin ɗakin da dama bai isa ba.

Katako ba shi da wannan ciwon. Da zarto da gam da sukuru mutum ɗaya zai iya yin ɗakin a tsakar gidansa, kuma duk inda kake son rataya wani abu akwai wurin kama sukuru. Abokin gabarsa ruwa ne. Ba ruwan sama da ke dukan bango ba, a'a, wanda ke sulalowa ta gefen taga ko ramin fanka ya kwanta a ciki shekara biyu ba wanda ya sani, sai ranar da ka taka kusurwa ka ji ta yi laushi. Wanda zai yi da katako ya ɗauka a ransa cewa duba gam ɗin da ke bakin kowace taga da kowane haɗi aikinsa ne duk shekara.

Bangon soso kuwa, ana ɗauko allon soso mai tauri a manna masa fata ciki da waje, ko faiba ko fulawud siriri, sai su zama abu guda mai ƙarfin mamaki. Shi ne ƙashin, shi ne makarin sanyin, babu gada ko ɗaya. Motocin ɗaukar kayan sanyi haka ake yin bodinsu. Ya fi sauran rashin nauyi, ya fi su ɗumi. Sai dai ba ya yafe kuskure. Sukuru ba ya kama soso, saboda haka duk inda ƙofa ko gado ko kabad za su zauna sai ka binne katako a cikin bangon tun kafin ka manna fata. Tun ran gini tun ran zane. Ga kuma wani tarko da ke kama sababbin hannu: ruwan faiba na foliyesta yana narkar da soson XPS da EPS, nau'o'in da zan bayyana a gaba, kamar an zuba ruwan zafi a kan ƙanƙara. Sai wani nau'in ruwan faiba da ake kira efoksi, ko gam da aka rubuta cewa ba ya cin soso. A gwada a kan guntu tukuna.

Ra'ayina: wanda bai taɓa yi ba, ya yi ƙashin katako siriri, ya cike tsakaninsa da soso mai tauri a manne, ya rufe da fulawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Ya samu rabin amfanin bangon soso ba tare da haɗarinsa ba. Alminiyam na bar wa wanda ya iya waldarsa da hannunsa.

Rufin da ake ɗagawa, mai gefen tamfol, yana rage tsayin mota da dukan iska a hanya, kuma yana saukar da nauyi ƙasa. Amma tamfol tamfol ne. Idan kwanan sanyi ne a gabanka, yi rufi tsayayye ka huta.

To, wane soso? Uku ne a kasuwa. EPS shi ne farin nan mai ƙwayoyi da ake naɗe talabijin da shi; ya fi araha, ya fi rauni, yana ɗan shan ruwa. XPS shi ne mai santsi, sau da yawa shuɗi ko ruwan hoda, ruwa ba ya shigarsa sosai, kuma yana jure a taka shi, abin da ya sa ya dace da daɓen ɗaki. PIR shi ne mai takardar azurfa a fuska biyu, kuma a takarda ya fi su duka tare zafi: santimita 3 nasa na yin aikin kusan santimita 4 na XPS. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfin PIR na tare zafi yana raguwa idan sanyi ya tsananta, daidai lokacin da ka fi bukatarsa, shi kuwa XPS ko a jikinsa. A ɗaya gefen, XPS ba ya son zafi mai yawa, yana fara lanƙwashewa idan ya wuce digiri 75, kuma rufin ƙarfe mai duhun fenti a tsakar rana yana iya kusantar hakan. Saboda haka nake raba musu aiki: XPS a daɓe da bango, PIR a rufi, rufin kuma a yi masa farin fenti.

Ulun tumaki da auduga ta roba irin Thinsulate suna da masoya, kuma a motar da jikinta ke da lanƙwasa da lunguna suna da hujja, don suna shiga inda allo ba zai shiga ba, suna kuma kashe ƙara. Amma ɗakin da ka gina da kanka bangonsa a miƙe yake. Me zai sa ka zaɓi abin da sai ka ƙara kauri kafin ya kamo allo, kuma ba ya ƙara wa bango ƙarfi ko kaɗan? Soson feshi yana toshe kowace kafa, wannan gaskiya ne, sai dai ranar da waya ta lalace a cikin bango za ka gane kurenka. A yi amfani da na gwangwani a cike ƙananan giɓi kawai. Ita kuwa ledar azurfa mai kumfa-kumfa, in ba a bar mata sarari na iska a gabanta ba, kusan ba ta yin komai. Wurinta taga, da dare.

Duk wannan lissafin yana kare ka daga sanyi, amma abin da ke kashe ɗaki ba sanyi ba ne, danshi ne. Mutum biyu da ke barci suna fitar da fiye da rabin lita na ruwa kafin gari ya waye, ta numfashi da fata. Ƙara tururin tukunya da rigar da ruwa ya jiƙa. A ɗakin da bai fi ƙaramin banɗaki girma ba, ruwan nan dole ya sauka a wani wuri, kuma wurin da ya fi sanyi yake nema: gilashi, kan sukuru, ƙarƙashin katifa. Ɗaga katifar da ke kan gadon da ya yi tsini a saman kan direba bayan sati ɗaya na sanyi, ka shafa hannu. Idan ba a sa soso mai kauri a ƙarƙashin gadon ba, ba a kuma bar hanyar iska tsakanin katifa da katako ba, fumfuna za ka tarar. Don haka fanka a rufi da ƙaramar kafar shigar iska a ƙasa ba ado ba ne, ko da ana tsananin sanyi a bar su a ɗan buɗe.

Wannan ne ya kawo mu kan hita, inda aka fi yin kuskure, kuma inda kuskuren ke iya cin rai.

A fara da tambayar da ba a cika yi ba: ɗumi nawa ake bukata? Ɗaki irin wannan, bango da rufi da daɓe, ya kai wajen murabba'in mita 20. XPS mai kaurin santimita 4 yana zubar da kusan wat 0.8 a kowane murabba'in mita, a kowane digiri na bambanci. Idan waje sifili ne, ciki kana son 20, ka ninka 20 da 0.8 da 20, ka samu wat 320. Ninka shi biyu saboda tagogi da ƙofa da iskar da kake bari tana shiga, ya zama 640. Ko kilowat ɗaya bai kai ba. Riƙe wannan lambar.

Hitar gas mai harshen wuta a fili, wadda ake ajiyewa a ƙasa a kunna, ita ce ta fi sauƙin samu kuma ita ce nake cewa a guje wa. Duk kilo ɗaya na gas ɗin furofen da ya ƙone yana haifar da kusan kilo 1.6 na ruwa, kuma a cikin ɗakinka yake zuba shi. Ƙarama mai kilowat ɗaya da 'yan kai tana cin wajen giram 90 a awa. A dare ɗaya ta ƙara maka sama da lita guda a kan wanda kuke numfasawa. An gudu ba a tsira ba. Ga shi tana cin iskar da kake shaƙa, kuma idan iskar ta yi ƙaranci sai ta fara fitar da gubar kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ba shi da launi. Ba a barci da ita a kunne.

Murhun itace ƙarami yana da daɗi, ɗuminsa a bushe yake, kuma ba ya neman batir. Amma cikinsa bai fi ya ɗauki 'yan guntaye ba, awa biyu ko uku ya mutu, kana tashi kana hurawa. Yana bukatar tazara daga bango, da bututun hayaƙi da zai huda rufi, da wurin ajiye itace. A ɗakin da kowane taƙi ke da aiki, ya ci wuri da yawa. Wutar lantarki kuma lissafinta gajere ne: batirin litiyam mai amp-awa 100 yana riƙe da wajen kilowat-awa 1.3, lita ɗaya ta dizal tana riƙe da wajen 10. Wato sai batir takwas kafin su yi lita guda. Bargon lantarki mai cin wat 50 zai iya kai ka asuba, hitar lantarki kuwa sai inda akwai soket.

Saura biyu, kuma su ne na gaske: hitar dizal mai hura iska da hitar gas mai rufaffen ciki. Dukansu suna jan iskar ƙonawa daga waje, su mayar da hayaƙin waje, iskar ɗaki tana bi ta jikin ƙarfe mai zafi ne kawai. Ba ruwa, ba hayaƙi, har ma suna busar da ɗakin.

Ta dizal, kamfanonin Jamus biyu ne suka yi suna a kanta, Webasto da Eberspächer. Webasto Air Top 2000 STC tana ba da kilowat 0.9 zuwa 2, tana shan lita 0.12 zuwa 0.24 a awa, wutar da take ja daga batir kuma wat 14 zuwa 29 ne idan ta kama. Lita ɗaya zuwa biyu ta kai ka safiya. Lokacin tashi ne take jan wuta sosai, kusan amp goma na 'yan mintuna, don haka waya siririya ko batir mai rauni sai ta ƙi kamawa. Idan motarka mai dizal ce, daga tankinta za a ja, ba ka da wani mai na biyu da za ka riƙa nema. Idan ta fetur ce, ko ka sa ƙaramin tanki daban, ko ka nemi samfurin da ke shan fetur. Aibinta: famfon mai yana ƙwanƙwasa, tik, tik, tik, dare farai, kuma idan aka ɗaure shi kai tsaye a jikin katako ɗakin duka ya zama ganga. A rataye shi da roba. Sannan tana tara kunkunniya idan ta daɗe tana aiki a ƙaramar wuta, ko a kan tsauni da ya wuce mita 1,500 inda iska ta yi ƙaranci, sai dai in an saita ta don hakan.

A nan lambar 640 ta dawo. Akwai kwaikwayon hitocin nan da ake yi a Sin, masu araha sosai, kuma da yawa suna aiki lafiya. Amma mutane suna ganin mai kilowat 5 kusan kuɗi ɗaya da mai 2, sai su ce babba ta fi. A ɗaki mai soso, mafi ƙarancin wutar babbar ma ya yi yawa. Ko dai ka riƙa kashewa kana kunnawa, batir na ƙarewa, ko ka bar ta a ƙasa kullum har kunkunniya ta toshe ta, wata rana ta yi ta fitar da farin hayaƙi ta ƙi tashi. Ɗauki mai 2. Idan kwaikwayon ka saya, sauya tiyon mai da maɗaurai da salansar da suka zo da ita, don nan ne aka fi rage inganci.

Ta gas, irin Propex HS2000 ta Ingila, tana ba da kusan kilowat 2, tana cin wajen giram 140 a awa. Ba ta tara kunkunniya, ba famfo mai ƙwanƙwasa, kulawarta kaɗan ce. Kamfanin Truma ma suna da wadda ke haɗa ɗumama ɗaki da dafa ruwan wanka. Kuɗin da kake biya a nan wuri ne da nauyi: tukunyar gas tana bukatar akwatinta a rufe daga ɗaki, da rami a ƙasansa, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. A kuma tabbatar furofen ne. Ɗaya nau'in gas ɗin, biyuten, yana daina zama iska da zarar sanyi ya kai sifili, furofen kuwa sai ya kai 42 ƙasa da sifili. Wanda ke fita kwana biyu ko uku kuma dama da gas yake girki, wannan ta ishe shi. Mai doguwar tafiya, musamman mai tsallaka iyaka inda bakin tukunya ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, dizal ya fi masa kwanciyar hankali, don ko'ina akwai shi. Ko wacce ka zaɓa, na'urar da ke ƙara idan ta ji kabon monoksaid dole ce, kusa da inda kake sa kai.

Wurin ajiya na bari a ƙarshe da gangan, don shi ne ke cinye abin da ya saura, kuma shi ne inda son kyau ke yaudarar mutum. Fulawud na itacen birch mai milimita 18, allo ɗaya ya kai kilo 35. Mai milimita 12 wajen 24. Na itacen fofla mai kauri ɗaya da shi bai fi 16 ba. Durowa guda mai zurfi, da layin ƙarfenta mai ɗaukar nauyi, tana iya cin kilo goma kafin ka sa cokali a ciki. Yi shida ka gani. Robobin ajiya masu murfi, a jere a kan kanta mai ɗan baki da igiyar roba a gaba, ba su kai rabin haka ba, kuma kana iya ɗauke su ka shiga da su gida ka cika. Ba su da kyau a hoto, shi ke nan laifinsu. Ni durowa biyu nake yi, ɗaya ta kayan girki, ɗaya ta ƙananan abubuwan da ake nema kullum, sauran duk roba. Kuma a sa musu makulli mai kamawa, ba maganaɗisu ba. Durowar da maganaɗisu ke riƙe da ita, kwanar hanya ɗaya mai kaifi ta ishe ta. Na taɓa buɗe ƙofa na tarar da wuƙaƙe da cokula sun bazu har bakin matakala.

Inda aka sa kaya ya fi yawan wurin muhimmanci. Ruwa da batir da kayan gyara su zauna ƙasa, a gaba, kusa da bayan kujerun direba, ta yadda nauyin zai faɗa gaban tayoyin baya. Nauyin da ya zauna a bayansu yana ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Sama kuwa sai tufafi da bargo, a cikin jaka ko raga. Tankin ruwa da batirin litiyam su kasance a cikin ɗumi, ba a akwatin waje ba: ruwa yana daskarewa ya fasa tiyo, litiyam kuma ba a cajinsa idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili. A huda ƙananan ramuka a bayan kowace kabad da ke jingine da bangon waje don iskar hita ta ratsa, in ba haka ba can danshin zai koma ya ɓuya.

Idan an gama, a cika tanki da ruwa, a loda komai, a hau sikelin manyan motoci, tayoyin gaba daban, na baya daban. Faranti ɗin nan na bakin ƙofa yana da lamba ga kowanne, kuma ta baya ce ke fara cika.